Dish Ya Kama Tasha, Me Ya Hana Ta Buɗewa?

Filinmu na kimiyya na wannan makon zai duba wata gardama da ta ƙi ƙarewa a makarantar nan, musamman ranar Litinin idan an tashi tara. Wasu suna cewa idan mutum ya iya kwamfuta sosai zai haɗa ta da dish ya kalli ƙwallon Firimiya kyauta har abada. Wasu suna cewa ƙarya ne. Na yi tambaya wajen malamanmu na kimiyya da na kwamfuta, na kuma karanta abin da na samu. Abin da na gano shi ne kowane ɓangare yana da rabin gaskiya. Ana iya haɗa kwamfutar, tana kuma kama tashoshi da yawa. Amma tashar da aka kulle ba ta buɗe ta. Dalilin haka shi ne darasinmu.

Da farko mu gyara wata kalma. Mukan ce wane ya sa "kebul" a gidansa. A Amurka, inda sunan ya fito, waya ce ta gaske ake jawowa daga kamfani har cikin gida, kamar wayar NEPA. Mu a Kuberi babu wayar da ta taso daga kamfani. Hotonmu ta iska yake zuwa, ta hanya biyu. Ko dai daga tauraron ɗan'adam zuwa dish, kamar DStv, ko daga dogon ƙarfen watsa shiri da ke ƙasa zuwa eriya, kamar GOtv. Kamfanin StarTimes yana da duka biyun. Hanyar eriya tana son kusanci da babban gari, shi ya sa a ƙauyuka dish ya fi yawa a kan rufi.

Tafiyar hoto daga filin wasa zuwa Kuberi

A ce ana wasa a Landan. Kyamara ta ɗauki hoto, an mayar da shi lambobi, an aika wa kamfanin da ya sayi izinin nunawa. Kamfanin sai ya harba shi sama zuwa tauraron ɗan'adam, tauraron ya dawo da shi ƙasa. Ba gida ɗaya yake aika wa ba. Watsa shi yake yi a kan ƙasashe da yawa lokaci guda, kamar ruwan sama, wanda bai san gonar wanda ya biya da ta wanda bai biya ba. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Tauraron yana nisan kilomita 35,786 daidai saman layin Ikwaita. Ba da ka aka zaɓi wannan nisa ba. A nan ne kawai tauraro ke zagaya duniya sau ɗaya a daidai lokacin da duniya ke juyawa sau ɗaya. Saboda haka mu da ke ƙasa sai mu ga kamar yana tsaye wuri guda. Da ba haka ba, da sai an sa yaro a kan rufi yana juya dish dare da rana. Wani marubuci ɗan Ingila, Arthur C. Clarke, ya yi rubutu a kan amfani da wannan wuri don watsa shiri tun 1945, lokacin ko tauraro ɗaya ba a harba ba. Nijeriya ma tana da nata a can. NigComSat-1 da aka harba daga Sin a 2007 ya lalace a 2008, aka harba NigComSat-1R a madadinsa a watan Disamba 2011.

Ga lissafi mai sauƙi ga 'yan ajinmu. Saƙon yana gudu kamar haske, kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya. Hawa da sauka kusan kilomita 72,000 ne. Idan ka raba za ka samu 0.24, wato kusan rubu'in daƙiƙa. Tafiyar da mota za ta yi wata guda tana yi ba tsayawa, hoto ya gama ta kafin ka ƙifta ido.

Yanzu idan an tashi, ku ɗaga kai ku dubi dish ɗin da ke hanyarku ta gida. Za ku ga yawancin na DStv sun fuskanci gabas, sun ɗan karkata kudu. Dalili shi ne tauraron da suke kallo yana kan digiri 36 gabas, mu kuma nan yankin Jega da Aliero da Maiyama muna wajen digiri 4 gabas, digiri 12 arewa da Ikwaita. Manyan dish masu kama tashoshin Larabawa a Nilesat kuwa kudu maso yamma suke duba, domin nasu tauraron yana digiri 7 yamma. Daga ganin inda dish ya sa gaba, kusan za ka iya faɗin abin da ake kallo a gidan.

Shi kansa dish ba shi da wata dabara. Kwano ne kawai. Saƙon da ya yi wannan doguwar tafiya yana isowa a gajiye, sai kwanon ya tattara shi ya tura wa ɗan abin nan da ke kan sanda a gabansa, wanda masu gyara ke kira LNB. Shi ne yake ƙara wa saƙon ƙarfi, ya sauƙaƙa shi yadda zai iya bin waya ya shiga ɗaki. Wutar da yake aiki da ita ta cikin wayar nan take hawowa daga dikoda, bolt 13 ko 18. Shi ya sa ake kashe dikoda kafin a taɓa wayar.

Wani abu da ya burge ni: digon ruwa yana shanye irin wannan saƙo. Mu kuma a nan hadarin damina daga gabas yake tasowa, daidai inda dish ke kallo. To, hadarin yakan shiga tsakanin dish da tauraro tun bai iso kanmu ba. Hoto sai ya fara kakkaryewa alhali ko ɗigo bai sauka a tsakar gida ba. Idan kun ga haka, a je a kwashe shanya.

Zaurancen kamfani

Mu koma kan ruwan saman nan. Tunda tauraro kowa yake zuba wa, duk dish ɗin da ya fuskanci wurin yana kama tashar ƙwallo, da na mai biya da na wanda bai taɓa biya ba. Hoton yana shigowa har cikin ɗakinka. To me ya hana ka gani?

An yi masa zaurance ne. Kun san yadda muke yi idan ba ma son ƙanne su gane maganarmu. "Zo mu tafi" sai ta koma "zodo mudu tada fidi". Ƙaninka yana jin muryarka sarai, kunnensa lafiya lau, amma bai san me aka ce ba. Wanda ya san ƙa'idar kuwa ya cire abin da aka ƙara, ya tashi ya bi ka. A rubuce ma ana yi. Idan na matsar da kowane harafi gaba da taki ɗaya, JEGA za ta koma KFHB. Wanda ya san cewa taki ɗaya ne zai mayar da ita. Wannan "taki ɗaya" shi ne mabuɗi.

Haka kamfani ke yi wa hoto kafin ya harba shi sama, sai dai nasa mabuɗin lamba ce mai tsawon gaske. A tsarin da aka fito da shi a 1994, wanda aka daɗe ana amfani da shi, mabuɗan da za su iya yiwuwa sun haura tiriliyan 281. A ce kana da na'ura mai gwada miliyan ɗaya kowace daƙiƙa, sai ta yi kusan shekara tara kafin ta gwada duka. Akwai na'urorin da suka fi haka sauri nesa ba kusa ba, shi ya sa aka ƙirƙiro sababbin tsare-tsare masu mabuɗi mafi tsawo. Amma babban abin ba tsawon ba ne. Mabuɗin ba ya zama. Ana canza shi bayan 'yan daƙiƙoƙi, galibi kamar goma. Ko ka yi sa'a ka dace da shi, kafin ka gyara zama ya zama tsohon yayi.

To ta ina dikodan mai biya ke samun sabon mabuɗi kowane lokaci? Tare da hoton ake aiko shi, amma shi ma a kulle cikin wani ƙaramin saƙo. Katin nan da ke cikin dikoda, mai ɗan ƙarfe ruwan zinariya kamar na layin waya, shi ne ke iya buɗe ƙaramin saƙon. A wasu sababbin dikoda ba a ganin katin, an gina shi a ciki. Katin ƙaramar kwamfuta ce mai zaman kanta. Aikinsa duk yini ɗaya ne: ya karɓi saƙo, ya duba ko an ba shi izinin wannan tasha, idan an ba shi ya miƙa wa dikoda mabuɗi, bayan 'yan daƙiƙoƙi ya sake.

Izinin shi ma ta sama yake zuwa. Idan an biya kuɗin wata, kamfani yakan saka wani saƙo mai ɗauke da lambar katinku a cikin abin da tauraro ke watsawa. Duk dikoda suna jin sa, amma naku kaɗai zai amsa, kamar yadda malam ke kiran suna da safe, aji duka na ji, mutum ɗaya ke cewa ga ni. Wannan ne dalilin da ake cewa a bar dikoda a kunne bayan an biya. Idan yana kashe lokacin da aka kira sunansa, sai ya jira wani kiran.

A nan zan gyara wata magana da nake yawan ji, wai kamfani yana ganin mutanen gida ta cikin dish. Dish irin namu karɓa kawai yake yi, ba ya aika komai sama. Dikodan da aka haɗa da intanet ne ke iya tura wa kamfani bayani.

Wanda ya gane wannan zai gane rubutun da ke fitowa a talabijin. A DStv, idan ka ga E48, hoton ne bai iso ba. Ko hadari ne, ko iska ta juya dish, ko waya ta kwance. Idan ka ga E16, hoton ya iso lafiya, mabuɗi ne aka hana ka. Sau nawa aka sa yaro hawa rufi cikin rana yana juya dish alhali E16 ce ke kan allo? Ko ya kwana yana juyawa ba abin da zai canza.

Ita kwamfutar fa?

Haɗa ta ba wuya kamar yadda ake zato. Ana buƙatar tsohuwar kwamfuta, ko ƙaramar nan Raspberry Pi da aka fara sayarwa a Ingila a 2012, wadda ba ta wuce tafin hannu ba. Sai na'urar kama tasha mai rubutun DVB-S2 a jikinta, wadda ake ɗaura wa wayar dish ta gefe ɗaya, a soka ɗaya gefen a kwamfuta. Sai wayar HDMI zuwa talabijin. Sai manhaja, kamar Kodi da Tvheadend, dukansu kyauta ne kuma halal ne a sauke su. Shi ke nan.

Abin da za ta yi maka ba kaɗan ba ne. Za ta kama duk tashar da ba a kulle ba a tauraron da dish ɗinka ke kallo, kamar yadda risiba ke yi, har da tashoshin Hausa irin su Arewa24 da ta fara aiki a 2014. Ta fi risiba mai araha da abubuwa da dama. Za ka iya gaya mata ta ɗauki shiri kaza ƙarfe kaza kana makaranta. Za ka iya tsayar da shiri ka je aike ka dawo ka ci gaba daga inda ka tsaya. Za ta jera maka finafinai da karatu da darussa wuri ɗaya, har ta tura tasha zuwa wayoyin gida. A ganina wannan ya fi amfani ga makaranta irin tamu: a ɗauki shirin kimiyya da dare, a nuna wa aji da safe. Sai dai a lura da wuta. Tsohuwar babbar kwamfuta tana shan wuta ninkin dikoda sau da yawa. Gidan da ke kan sola da batir ɗaya, ƙaramar ta fi masa.

Amma da ka kai kan tashar da aka kulle, allo zai yi baƙi. Kwamfutar ta karɓi hoton tsaf, tana iya ma ajiye shi, sai dai zaurance ne ta ajiye. Ƙarfinta ko tsadarta ba su da amfani a nan, domin ba ƙarfi ake nema ba, mabuɗi ake nema.

Wani zai ce, to a zaro katin dikoda a sa a kwamfutar mana. A wasu ƙasashen Turai ana yin kusan haka bisa ƙa'ida. Kamfani yakan ba mai biya wani ɗan akwati da ake zura kati a ciki, a soka shi a talabijin ko a na'urar kama tasha. A Amurka an yi wani kati mai suna CableCARD, wanda doka ta tilasta wa kamfanonin kebul su ba duk mai biyan da ke son amfani da tasa na'urar. Mutane da yawa sun haɗa kwamfutar falo da shi, suna amfani da manhajar Windows Media Center. Amma ko a can sai da suka biya kuɗin wata, na'urar ce kawai tasu. Kuma hanyar ta tsuke: Microsoft ta bar manhajar lokacin da Windows 10 ta fito a 2015, hukumar sadarwar Amurka ta janye dokar katin a 2020. A nan kuwa katin DStv an ɗaura masa aure da dikodansa. Idan ka kai shi wata na'ura ba zai yi magana ba. Kamfanin Irdeto na ƙasar Holan ne ke yin makullin, shi ma kuma na gidan MultiChoice ne, masu DStv da GOtv.

Hanyar da ta rage wa mai kwamfuta ita ce manhajar kamfanin ta intanet. Wanda ya biya yana iya shiga da sunansa ya kalla ba dish ba dikoda. Sai dai wasa ɗaya mai hoto garau yana iya cin data sama da gigabayit guda, ga shi hoton yana makara. Kana iya jin ihun gidan kallo kafin ƙwallon ta shiga raga a allonka.

Risiba mai buɗe komai

Na san abin da ke ran wasunku: ai mun ga risibar da ke buɗe tashoshin ƙwallo ba a biya ba. Gaskiya ne, akwai su. Amma ba fasa makullin suka yi ba. Wani ne a wani wuri yake da kati na gaske, yana kwashe mabuɗin da katin ke fitarwa yana rarraba wa ɗaruruwan risiba ta intanet. Shi ya sa irin waɗannan ba sa aiki sai da data. Shi ya sa kuma hotonsu ke yawan daskarewa. Ku tuna mabuɗin 'yan daƙiƙoƙi yake yi. Idan sabis ya yi nauyi ya iso a makare, hoto ya tsaya, kuma kamar da gangan, sai an zo bugun fanareti.

Wani yayanmu a unguwa ya yi aikin albasa rani guda, daga dashe har cira, ya tara kuɗinsa ya sayi irin wannan a wata kasuwa. Mai shagon ya rantse masa shekara biyu ba zai biya ko sisi ba. Wata uku ta yi aiki. Wata rana da yamma duk tashoshin ƙwallon suka yi baƙi, ba su sake dawowa ba. Da ya koma, mai shagon ya ce daga sama ne, ba laifinsa ba ne. Kuma a wannan kam bai yi ƙarya ba. Kamfani yana gano katin da ake rarrabawa ya kashe shi, ko ya sauya makulli, ko a kama mai rarrabawar. Mai shago ba shi da iko a kan ko ɗaya, saboda haka alƙawarin da ya yi ba nasa ba ne tun farko. Yanzu risibar tana nan tana kama tashoshin kyauta, waɗanda mai rabin kuɗinta ma ke kamawa.

Ga kuma doka. Sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya, ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris 2023, ta hana karya irin wannan makulli, ta kuma hana sayar da na'urar da aka yi don karya shi. Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Ƙasa ce ke bibiyar masu yi.

Me ya sa ake kullewa tun asali? Domin wasan sayen sa ake yi. A Birtaniya kaɗai, tashoshin da ke nuna Firimiya sun amince su biya fam biliyan 6.7 na kaka huɗu daga 2025. A ƙasashenmu SuperSport ce ke sayen izini, ita ma ta nemi kuɗinta a wajen masu kallo. Wannan bai sa na ce kuɗin wata yana da sauƙi ba. An ƙara shi sau da dama a 'yan shekarun nan, gidaje da yawa sun ajiye dikoda sun rufe shi da ƙyalle. Ni a ganina ya kamata a samu tsarin da mutum zai biya na wasan da yake so kawai, ba sai ya sayi tashoshi ɗari da ba ya kallo ba. Kafin a samu, gidan kallo ne ya warware mana matsalar, tun kafin a haife mu. Mutum ɗaya ya biya, ya sayi man janareta, mutum hamsin su kawo canjinsu su zauna a benci. Amma 'yan aji uku, jarrabawa ta matso, wasan dare ba naku ba ne.

Idan wani ya tallata wa babanku ko yayanku risiba mai buɗe komai, ku yi masa tambaya ɗaya: idan aka cire mata intanet, tashar ƙwallon za ta ci gaba da nunawa? Ku sa ya gwada a gabanku kafin a ƙirga kuɗi.

Ga aikin gida. Na kulle wani saƙo da irin dabarar JEGA da KFHB, bisa jerin a, b, c, d na Turanci. Amma na yi irin na kamfani, kowace kalma da nata mabuɗin, kuma babu wanda ya wuce taki uku:

TBOOV FC DLNL

Wanda ya buɗe ya rubuta amsar da sunansa da ajinsa, ya ba kowane ɗan ƙungiyar 'yan jarida kafin ranar Alhamis. Za mu liƙa sunayen mutum biyar na farko a allon nan mako mai zuwa.